Makaɗin Fadar Da Ya Nemi Sallama Da Kyandir



A unguwarmu nan Agege an daɗe da yi mini shaida da abu biyu, wato tara tsofaffin littattafai da kuma sauraren abin da abokan hirata suka laƙaba wa suna kiɗan coci. Duk daren da na makara zuwa majalisarmu ta wurin mai shayi, sai wani ya ce ku ƙyale shi, yana can Turawansa suna yi masa goge. Ba na jin haushi, domin ta wani ɓangaren da gaskiyarsu: akwai da yawa daga cikin wannan kiɗa da don coci aka yi shi. To amma ba duka ba ne, kuma wanda nake son in ba ku labarinsa yau a fadar wani basarake aka yi shi. Batun hukuncin kiɗa kuwa na bar wa malamai, ni ba fagena ba ne.

Asalin abin, a 1996 na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijo Bayarabe da ya yi ritaya daga aikin reluwe. Bango ɗaya ne ya raba ni da falonsa, kuma kullum bayan magariba sai ya ɗora faifan garmaho. Na yi wata da watanni ina jin goge da busa suna hawa suna sauka, ina jiran a fara waƙa, ba a farawa. Ran nan dai na ce masa, Baba, wai su waɗannan mutane yaushe za su buɗe baki ne? Ya yi dariya har da tari, ya ce ai tun ɗazu suke magana. Ku kuwa kun san mu, a wurinmu kiɗa doki ne, magana ce mahayinsa. Kalangun Shata, wanda mu mutanen Funtuwa muke ɗauka namu ne, komai zaƙinsa jira kake ka ji abin da zai faɗa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, amma ya ishe shi, saboda nauyin yana kan harshensa. Saboda haka kiɗan da zai yi rabin sa'a babu ko kalma ɗaya, a kunnen Bahaushe tamkar a kawo maka miya ne babu tuwo. Sai da na shekara biyu a gidan nan kafin kunnena ya fara rarrabe wannan da wancan. Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka ba ni kwali guda na kaset-kaset ɗinsa, wai sun lura ni kaɗai ne nake zama da shi in ya kunna. Yanzu duk sun daina juyawa, a waya nake sauraro.

Wata Asabar da ta wuce na ɗauki 'yar autata muka nufi Onikan. Da can wannan tafiya sai mutum ya yi mata niyya kamar zai je Ilori, saboda gosulon Oshodi kaɗai ya isa ya cinye maka hantsi. Amma tun da jirgin ƙasan nan na jan layi ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga tashar Agege kake shiga ka sauka Oyingbo, sannan ka kama danfo ka haye tsibiri. Muka fara da gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1957, domin in nuna mata baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ramukan harsasai suna nan a jikinta. Na je wurin ya fi sau biyar, kuma duk zuwa sai na tarar da wani ɗan Arewa a tsaye gaban motar nan shiru, ya harɗe hannu a baya. Ita kuwa yarinyar hoto ta ɗauka ta ce mu tafi. Ban ga laifinta ba, a littafin makaranta ta san shi.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa cibiyar MUSON, wato ƙungiyar masu sha'awar irin wannan kiɗa da aka kafa a 1983. Cikin waɗanda suka kafa ta har da Akintola Williams, dattijon akantan nan da ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Suna da makarantar koyon kiɗa, kuma ɗalibanta muka je sauraro. Yara ne baƙaƙe irin namu, wasunsu daga gani ka san daga Mushin ko Ajegunle suka fito, kowa ya rungumi gogensa ya kafa ido a takarda. Wannan takarda ita ce babban bambancinmu da su. Su rubuta kiɗansu suke yi, kowace busa da kowane jan izga yana da alamarsa, shi ya sa wanda ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce za a iya tayar da kiɗansa yau kamar yadda ya tsara shi. Mu kuwa abin da rediyo da masu kaset ba su ɗauka ba na Narambaɗa ya bi shi kabari.

Kayan nasu ba baƙi ba ne can-can. Akwai goge ƙanana da manya, har da wanda sai an tsaya tsaye ake jansa. Akwai abin busa mai bakin kara da suke kira obo, wanda ɗan uwan algaita ne na jini, sai dai an koya masa ladabi. Akwai ƙaho na tagulla, akwai tambura a can baya. Abin da ya fi ba 'yata mamaki shi ne shirun jama'a. Ta raɗa mini, Baba, ba a liƙi? Na ce ba a yi. Ba mai tashi, ba mai guɗa, ba sanƙira, in an kai ƙarshen kashi ɗaya ma ba a tafi sai an gama duka. Amma kada wannan ya ruɗe ku, sabon ladabi ne. A zamanin su Mozart mutane suna tafi a tsakiyar kiɗa in wani wuri ya yi musu daɗi, shi da kansa ya rubuta wa mahaifinsa haka daga Faris a 1778 yana murna. Kuma kada a ce abin na Turawa ne zalla. Fela Sowande, haifaffen Abekuta a 1905, ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya rubuta su domin goge, Ayo Bankole kuwa a Jos aka haife shi a 1935.

To, yanzu in zo kan mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sunansa Joseph Haydn, ana furta shi Haidin, mutumin Ostiriya. Tarihinsa na tsinta a hannun masu baza gwanjon littattafai a Yaba, bangon ya yage, wani ya ja layi da jan biro a rabin shafukan. An haife shi a 1732 a wani ƙauye da ake kira Rohrau. Ubansa mai gyaran ƙafar keken doki ne, uwarsa kuwa ta yi aikin dafa abinci a gidan masu sarauta. Yana ɗan shekara shida aka miƙa shi ga wani ɗan uwansu malamin makaranta a wani gari domin ya koyi waƙa, kuma daga ranar bai sake zama a gaban iyayensa ba. Ya sha yunwa, ya sha bulala. Da na karanta wannan sai na ajiye littafin na ce ashe almajiri ne. Daga nan aka kai shi Biyana yana waƙa a babbar majami'ar birnin, da muryarsa ta fashe aka sallame shi ya shiga gari yana 'yan buge-buge.

A 1761 ya shiga hidimar gidan Estahazi, wasu hamshaƙan masu sarauta na ƙasar Hangari, kuma ya yi kusan shekara talatin yana yi musu kiɗa, mafi yawanta a ƙarƙashin Yarima Nikolaus. Takardar ɗaukarsa aiki ta tanadi irin tufafin da zai sa, da cewa kullum zai bayyana a ji ko maigida yana son kiɗa, da cewa abin da ya rubuta na maigida ne. Shi ne kuma mai kula da sauran makaɗa, in sun yi faɗa ya raba, in kayan kiɗa sun lalace a tambaye shi. Yariman yana da wani irin goge mai tsirkiya da yawa da yake son ja da kansa, saboda haka Haydn ya rubuta masa kiɗa sama da 120 na wannan goge kaɗai, don dai ran maigida ya yi fari.

Ina karanta wannan ina tuna littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa, wanda yake kan kantata tun tuni. Ku gaya mini, mene ne bambancin wannan da zaman Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ko Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na uku? Ubangida ɗaya, ci da sha da sutura daga gare shi, kai kuma basirarka tasa ce. Ba ka yi wa abokin hamayyarsa kiɗa, ba ka tafiya sai da izini. Kuma makaɗin fada, namu ko nasu, ba ya iya duban ubangidansa ya ce ka yi kuskure. Sai dai ya zagaya. Namu suna da habaici, suna da roƙon da ake naɗe shi cikin yabo, mutum yana wasa sarki yana ambaton dokin da aka ba wani makaɗi a wata masarauta, mai hankali ya gane. Mozart, wanda bai iya wannan zagaye ba, ya yi ta ƙorafin ana zaunar da shi cin abinci tare da barori da masu dafuwa, ƙarshenta a 1781 da ƙafa wani bafade ya tunkuɗo shi waje. Haydn ya iya, kuma ga yadda ya yi.

Yarima Nikolaus ya gina wani ƙasaitaccen gida a wani wuri mai fadama, nesa da gari, inda yake zuwa hutun bazara da makaɗansa. Masauki bai wadata ba, saboda haka yawancin makaɗan sai su bar matansu da 'ya'yansu a garin Eisenstadt, tafiyar kusan yini guda. A 1772 bazara ta wuce, sanyi ya fara shigowa, Yarima bai ce a tashi ba. Makaɗa suka gaji, kewar gida ta dame su, suka kai kuka wurin Haydn. Shi kuma bai je ya faɗi gaban maigida ba. Sai ya zauna ya rubuta sabon kiɗa, irin dogon nan mai kashi huɗu da ake kira simfoni, shi ne na 45 cikin guda 104 da aka lasafta masa. Tun daga farkonsa kiɗan ba na nishaɗi ba ne, akwai ƙunci da gaggawa a cikinsa. Kashi na ƙarshe ya taso da sauri kamar yadda aka saba, ana tsammanin za a rufe da ƙarfi, kwatsam sai ya tsaya, wani sanyayyen kiɗa mai tafiyar hawainiya ya shigo. Can sai mai obo ɗaya da mai ƙaho ɗaya suka kai ƙarshen abin da aka rubuta musu, kowa ya hure kyandir ɗin da ke gaban takardarsa, ya ɗauki kayansa ya fita. Kiɗa bai tsaya ba. Jim kaɗan wasu suka bi su. Mai babban goge ya yi nasa ya fita. Haka aka yi ta raguwa, ɗaki yana ƙara duhu, sauti yana ƙara sirancewa, har ya rage goge biyu kacal, Haydn da babban mai gogensa Luigi Tomasini, suna ja a hankali kamar masu raɗa. Suka kai ƙarshe, suka hure nasu. Masu tarihinsa sun ce Yarima ya gane, washegari aka ɗaura kaya.

Ni dai a duk habaicin da na taɓa ji, ban ji wanda ya kai wannan ladabi da kaifi ba. Bai zagi kowa ba, bai roƙi komai ba, ko baki bai buɗe ba. Wanda yake son gani da idonsa ya nema a YouTube, makaɗan Biyana sun yi wannan kashi a bikinsu na sabuwar shekarar 2009, shekara 200 da rasuwar Haydn, Daniel Barenboim yana jagora. Sai dai su sun mai da abin wasa, jagoran yana waige-waige yana neman mutanensa, jama'a suna dariya. Yana da ban dariya kam. Amma ni ban yi ba.

Dalili kuwa, majalisarmu ta wurin mai shayi mu goma sha ɗaya ne lokacin da na shige ta. Akwai dillalan shanu na mayankar Oko-Oba, akwai 'yan goro, akwai mai canji, akwai tela. Bayan rikicin Shagamu da na Ketu a 1999 mutum biyu suka kwashe iyali suka koma. Bayan na Idi-Araba a 2002 wani ya bi su. Ɗaya ya tafi Sallah gida bai dawo ba, sai labari muka ji ya buɗe shago a Gusau. Uku suna kwance a maƙabarta a nan, mu muka kai su. Na baya-bayan nan shi ne wanda yaransa suke haya da babura, da aka hana acaba a manyan sassan Legas a 2022 ya ga zaman ba riba, ya tattara. Yanzu mu uku muka rage, kuma mai shayin ma ɗan mai shayin farko ne. Ba wanda ya yi sallama da hayaniya. Kowa dai ka wayi gari ka ga gurbinsa a benci, hira kuma ta ci gaba da waɗanda suka saura, tana ƙara sirancewa.

Akwai wani littafi da nake ba duk mazaunin Kurmi mai jin Turanci shawarar ya nema, na wani masani Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960 ya rubuta Custom and Politics in Urban Africa, aka buga a 1969. Ya yi bayanin yadda unguwar, wadda aka kafa a 1916, ta riƙe cinikin goro da na shanu ta hanyar masu gida da dillalai da amana, da yadda shiga Tijjaniyya ta ƙara ɗaure jama'ar wuri guda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hujjarsa cewa Hausawan Sabo ba wai sun kasa sajewa da Yarbawa ba ne, a'a, riƙe baƙuntar ita ce jarinsu, domin da ita fatake daga Arewa suke yarda su damƙa maka dukiyarsu ba takarda ba sa hannu. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, don ya mai da komai lissafin kasuwa, alhali akwai abin da ba kasuwa ba ne, kamar yadda ƙirjinka yake yi in ka ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ka tuna ba irin na gida ba ne. Amma ya taɓo gaskiya. Muna cewa gida, gida, muna gina ɗakuna a can muna rufewa da kwaɗo, shekara talatin muna cewa baɗi.

Ga inda labarinmu ya rabu da na makaɗan Haydn. Su suna da Yariman da ya riƙe su, wanda in ya ce a tashi za a tashi, kuma sun san abin da za su tarar in sun isa. Mu wa ya riƙe mu? Wa za mu hure wa kyandir ya gane? Babu wanda ya hana ni shiga mota a Agege gobe da asuba. Kuma gidan da muke ambato shi ma bai tsaya jiranmu ba. Isa ta Narambaɗa, wadda sunanta a kunnena yake tafe da kotso da dawaki, a shekarun nan labarin 'yan bindiga ne yake kawo sunanta a rediyo. Ƙauyukan da ke yamma da Funtuwa, inda muke zuwa cin kasuwa muna yara, da yawansu sun ga irin wannan masifa. Tsofaffin da za ka koma dominsu sun tafi, abokan wasanka sun zama kakanni, kai kuma in ka yi magana a ce Hausarka ta yi warin Ikko.

Shi kansa Haydn bai koma Rohrau da zama ba. Da Yarima Nikolaus ya mutu a 1790, magajinsa ya sallami yawancin makaɗan, sai ga tsoho ɗan shekara 58 ya hau jirgin ruwa ya nufi Landan, inda ya yi suna ya yi kuɗi, har Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1791. Da ya dawo, a gefen Biyana ya sayi gida, a can ya mutu a 1809.

Bayan mun fito daga MUSON muka taka zuwa Obalende, muka yi la'asar, na saya mata tsire wurin wani yaro ɗan Sakkwato da ya ce watansa bakwai da zuwa, kuma da damina zai koma. Na ce Allah ya sa. A jirgi muna dawowa na ba ta waya da abin sa wa a kunne ta kalli kiɗan kyandir ɗin, na ba ta labarin yadda aka yi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, Baba, to su biyun da suka rage, su ba su da gida ne? Na ce suna da shi mana. Ta ce to ai wani ne zai tsaya ya ƙarasa. Daga nan ta koma hira da ƙawarta a waya cikin Yarbanci, wanda ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Da muka wuce Ikeja ta miƙe tana gyara mayafi ta ce mun kusa gida.

Ina da fili a Funtuwa, ginin ya kai linta tun 2014. Ƙanena ya bugo waya makon jiya yana tambaya ko a sayi kwano kafin ya ƙara tsada. Na gaya wa uwargida, tana tankaɗe ba ta ɗago ba, ta ce, Malam, ka dai fara biyan kuɗin makarantar yarinyar nan tukuna. Na ce wa ƙanen nawa ya tambayo mini farashin bandir, zan kira shi bayan Sallah.